Motar da Ke Zuwa Ɗaukar Dawakin Elspeth

Duk yankin Angus, can ƙasar Turawa, an san Elspeth Duguid da dawaki, an kuma san ta da rashin sa'arsu. Gonarta na da makiyaya mai kyan gani, amma da zarar sabuwar ciyawa ta tsiro a watan Mayu sai gabanta ya fara faɗuwa. Lokacin ne ciwon ciyawa ke zuwa. Doki zai kwana lafiya, ya tashi yana makyarkyata, zufa na tsattsafo masa, miyau na dalala, hanjinsa ya daina aiki. Mai tsananin ba shi da magani, kuma ba wanda ya iya ce mata ga takamaiman abin da ke kawo shi.

Tun tana amarya ciwon ya kashe mata goɗiya ta farko. A nan ta san Moira Petrie, likitar dabbobi mai bincike a kan ciwon. Moira ta ɗebi ƙasa, ta ɗebi ciyawa da kashin dawaki, sannan ta roƙi abu mai wuya: a kai goɗiyar makarantarsu da ranta, a kashe ta a can, don hanji da jijiyar da za a bincika ba sa jira bayan mutuwa. Elspeth ta yarda. Bayan nan ma ta sha yarda. An zargi sanyi, an zargi ƙwayar cuta a cikin ƙasa, an zargi wancan an zargi wannan, kullum dai jiya i yau. Mijinta Wattie ya rasu, gwiwoyinta suka fara ciwo, dawakin suka ƙare sai Hector, ƙaton doki mai farin goshi da aka haifa a hannunta. Ta yi alkawari shi kam a gida zai mutu, kansa a cinyarta.

Ranar da ta same shi yana rawar jiki a gindin katanga ko kuka ba ta yi ba, gajiya ce kawai ta rufe ta. Moira ta zo ta duba shi, ta girgiza kai. Suka shiga kicin, Elspeth ta zuba shayi.

"Kin tsufa, Moira," in ji ta. "Dubi kanki fari fat. Duk bokon nan, ciyawa ta gagare ki."

"Ta gagare ni, 'yar'uwa. Bana zan ajiye aikin ma."

"To ba za ki tambaye ni ba? Ina 'yar muryar nan taki ta roƙo?"

"Ba zan tambaya ba. Kin bayar ya isa haka. Allurar da za ta hutar da shi na cikin jakata, in kin shirya sai mu je."

Da ma ta roƙa, da Elspeth ta sami wanda za ta zazzaga wa masifa ta huce. Sai ta tsaya a taga. Can bayan katanga ga 'yan dukushin maƙwabcinta suna kiwo, ciyawa har gwiwa, suna ci hankali kwance.

"Tir da ke," ta ce a hankali. "Kira motar makarantar taku."

Da motar ta iso, Hector ya ƙi hawa. Direba ya ja, Moira ta lallasa, ya kafe ƙafa yana huci. Bai taɓa barin gonar ba, kuma ba wawa ba ne. Elspeth ta daɗe tana kallo daga bakin ƙofa, sannan ta tako da ƙyar ta karɓi ragamar.

"Zo, yarona. Zo mu je."

Ko ja ba ta yi ba. Ya sa hancinsa a kafaɗarta kamar yadda ya saba, ya bi ta har ciki. Wannan yardar ita ta fi komai yi mata ciwo. Ta ɗaure shi, ta shafa goshinsa, ta sauko. Da direba ya rufe ƙofa sai Hector ya yi haniniya yana neman ta.

"Moira," ta ce, ba tare da ta juyo ba, "ki ce wa yaran da za su gaje ki su duba da kyau. Ba ni da wani kuma."