Uban Da Ya Ƙi Magana A Bakin Titi

Ban taɓa iya rubutu a zaune wuri ɗaya ba. In labari ya tsaya mini, sai in tashi in share tsakar gida, in leƙa tukunya, in fita ƙofar gida ina kallon duwatsun bayan unguwarmu. Maigidana ya saba. In ya dawo ya tarar na juya kujerun falo, tambayarsa ɗaya ce: "Yau kuma wa ya ƙi magana?"

A wannan daminar, wanda ya ƙi magana wani uba ne makiyayi, a cikin fim mai dogon zango da nake rubuta wa wasu matasa a nan Dutse. 'Yarsa ta sami gurbin karatu a jami'ar Kafin Hausa, ya rako ta bakin titi za ta hau mota. Fitowar ke nan gaba ɗaya. Na gama abin da ke gabanta da abin da ke bayanta, ita kaɗai ta rage, darakta kuwa kullum sai ya kira.

Abin da na sani a wannan sana'a wurin Hajiya na koya. Ta daɗe tana rubuta wasan kwaikwayo na rediyo, ta yi ritaya ta koma Ringim, daga baya yanar ido ta rufe mata gani. Wata ƙawar mahaifiyata ce ta haɗa mu, tun ina rubuta wa 'yan firamare wasan bikin hutu. Ranar Asabar nakan hau mota in je in karanta mata abin da na rubuta, tana kishingiɗe a ƙarƙashin darbejiya. In ta ɗaga yatsa sai in tsaya. "Sake karantawa, 'yar nan. Kin taɓa jin mutum ya yi magana haka?" Ita ta nuna mini cewa tsoho daga nesa yake ɗauko zance, mai fushi kuma ba ya ƙarasa abin da ya fara faɗa.

Da na rasa yadda zan yi da uban nan, sai na tuna ranar da mahaifina ya raka ni zan tafi makarantar kwana. Bai yi mini nasiha ba. Kwandasta ya ɗaure akwatina a saman bas, mahaifin nawa ya hau ya kwance, ya ɗaure irin ɗaurin da yake yi wa maraƙi, ya ja, ya sake kwancewa, har fasinjoji suka fara gunaguni. Da motar ta tashi ya riga ya juya baya. Haka na rubuta fitowar, na kai wa Hajiya.

Na gama karantawa, yatsanta bai motsa ba. Can ta ce, "Ina maganar uban?"

"Babu, Hajiya."

"Babu kamar yaya? Mutum zai rabu da 'yarsa ki hana shi baki?"

Na yi mata bayanin igiyar. Ta girgiza kai ta ce in ɗauko biro. Nan take ta shiga faɗa ina rubutawa. Ta sa uban ya fara da zancen wata karsana da ta ɓata tun yarinyar tana goye, yadda ya bi sawunta har ya same ta a garken wasu tana kiwo hankali kwance, daga nan ya gangaro a hankali har ya iso kan 'yarsa. Ban taɓa jin Hajiya ta yi abin da ya fi wannan kyau ba.

Amma tun a mota, kafin mu iso Dutse, na ji maganar ba ta zauna a bakin mutumin ba. Na san shi. Ba zai faɗa ba.

Satin nan ban sami sukuni ba. In ɗauki takardar Hajiya in ajiye, in ɗauki tawa in ajiye. Na ƙona miya. Na tafi kai saƙo gidan yayata, sai a ƙofar gida na ga ban ɗauko saƙon ba. Na karanta wa maigidana duka biyun, ya ce duk sun yi kyau, na ji kamar in jefe shi da takardun. Ban taɓa saɓa wa Hajiya a kan rubutu ba, kuma ban san ko gaskiya nake bi ko girman kai ne ya fara kama ni ba.

Ana gobe za a ɗauki fitowar na kira ta da hantsi. Bayan gaisuwa na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, tawa zan bayar."

Sai ta ce, "To. Allah ya taimaka." Ta ajiye. Da faɗa ta yi mini, da ya fi mini sauƙi.

A wata mararraba kan hanyar Jahun aka yi ɗaukar, hadari na haɗuwa ta gabas. Dattijon da zai fito a uban ya juya takardar gaba da baya, ya dube ni. "Malama, tun daga Kano aka taso ni don in ɗaure igiya?" Na ce masa eh. Ya yi tsaki ya hau saman bas ɗin da muka ɗauko haya. Ya kwance, ya ɗaure, ya ja. Yana cikin sake kwancewa direban motar, wanda ya gaji da mu tun safe, ya danna oda da gaske. Dattijon bai waiwaya ba. Ya dafa akwatin, ya ja dogon numfashi, ya sauko. Darakta bai ce a yanke ba sai da yayyafi ya fara taɓa kyamara.

Ranar Asabar na tafi Ringim da fitowar a wayata. Hajiya ta amsa gaisuwata kamar kullum, ta sa aka kawo mini fura. Na kunna, na kara mata a kunne. Ba abin da ke fita sai kukan igiya da iska da oda.

"Sake," in ji ta. Na sake.

"Wa ya ce ya ja numfashi a nan?"

"Ba ni ba ce. Shi ya yi abinsa."

"To faɗa mini abin da hannunsa yake yi."

Na faɗa mata, tana sa ni ina komawa baya: wane hannu, ina yarinyar take kallo, ya taɓa ta ko bai taɓa ba. Karo na farko ke nan da nake bayani tana tambaya.

Daga ƙarshe ta gyara kwanciya ta ce, "Da ni ce, har gobe sai ya yi magana. Ni masu sauraro na yi wa aiki, ba su ganin igiya. Amma kada ki yar mini da karsanata. Nemo mata wani bakin."

A hanyar dawowa na yi ta gwada maganar a bakin mutanen fim ɗin, ina motsa leɓe har matar da ke kusa da ni ta matsa. Kawun yarinyar bai dace ba. Kakarta ta riga ta rasu a labarin. Muna shigowa gari na gane uwar yarinyar ce, tana tatsar nono washegari, tana faɗa wa saniya abin da ba ta faɗa wa kowa ba. Ban jira na sauka ba na kira darakta. Ya ce wadda ke fitowa a uwar ta yi tafiya, sai bayan sallah za ta dawo, ko zan iya sake duba fitowar kasuwa kafin nan, don ta yi tsawo. Na sauka a tasha, na wuce masu a-daidaita-sahu suna kirana, na kama hanyar gida a ƙafa ina tunanin abin da zan yanke.