Suna Biyu, Ƙofar Ruwa Ɗaya

Laifina ne, gara in faɗa tun da farko. Ni na sa hannu a takardar da ta ce gafir ɗin wani ƙauye bayan Hasahisa, wato mai gadin ruwan gonaki, ya saɓa umarni. Aka ce in wata ya ƙare ya ajiye makullin ƙofofin ruwa ya bar aiki. Saboda shi aka yi tafiyar nan.

Aikina a ofishinmu na Wad Madani huda kati ne. Manomi ya nemi ruwa, in huda buƙatarsa a kan kati, kwamfuta ta buga takardar gonakin da za a buɗe wa. Takardar wancan makon ta ce wata hawasha, wato gonar da aka yanka wa manomi, a bar ta a rufe. Gafir ya buɗe. Ni kuwa na rubuta cewa inji ba ya kuskure.

Muna sallame sallar asuba muka hau lori, ni da bashmuhandis, wato babban injiniyan da ke rubuta wa injin umarni. Shi ya nace sai ya gani da idonsa. Hanya ta bi gefen babbar tur'a, magudanar da ke kai wa gonaki ruwa, dama da hagu auduga ce har inda ido ya tsaya, balbelu na bin shanu a gonakin da aka girbe. Kuɗin mota ya hau tun bara, amma wata tsohuwa ta miƙa tsohon farashi ta rufe ido, ba wanda ya iya tayar da ita. A Hasahisa muka ci ful, wato dafaffen wake, da man riɗi, muka kora da shayin da cokali zai iya tsayawa a ciki don sukari. Farar rigar bashmuhandis ta riga ta koma kalar hanya.

Muna cin abinci ya tuna mini da wata tambaya. Ya ce injin yana da tafinta, mai mayar da rubutunsa yaren inji, yana kuma rage wa injin zirga-zirga. In tafintan ya amince cewa sunaye biyu ba sa nuna wuri ɗaya, abin da ya karanta da sunan farko sai ya riƙe shi a hannu, ba ya komawa ya duba ko an canza shi da suna na biyu. Aikin yini sai ya ƙare kafin azahar.

"Ranar na tambaye ka, ya ustaz, ko mutum biyu na iya zama a kan hawasha ɗaya. Ka ce abadan."

Na ce haka ne. Abin da ban gaya masa ba, a irin wannan hawasha aka raine ni. Mahaifina da ƙanensa ita suka gada, suka ja kunya a tsakiya. Ranar da ya tambaya ofis cike yake, na ji nauyin a ce ga ɗan ƙauye na ba da labarin gidansu. Na zaɓi amsar da ta yi kama da ta ɗan birni.

Da hantsi muka isa a kan keken jaki. Gafir dattijo ne siriri, ƙafafunsa duk faso. Ya gaishe da bashmuhandis da Larabci, ni kuwa ya dube ni sau ɗaya ya juya Hausa.

"Ɗana, kai na gida ne. Mi ya kawo ku cikin ranar ga?"

Bai san sa hannun wa ke kan takardarsa ba. Ya kai mu gonar. Wa da ƙane ne ke nomanta. Rabin wan dawa ce, an girbe, bai nemi ruwa ba. Rabin ƙanen auduga ce tana fure, ya nema. Ƙofar ruwansu kuwa guda ce.

"Takarda ta ce rufe, auduga ta ce buɗe," in ji gafir. "Ni ko audugar nika gani."

Bashmuhandis ya tsuguna ya zana kati a ƙasa da tsinke, ya raba shi gurbi-gurbi. Gurbin shuka kowa da nasa, wannan ba ya taɓa wancan. Gurbin ruwa ɗaya ne ga su biyun. Tafinta ya karanta "babu" da sunan wa ya riƙe, aka rubuta "akwai" da sunan ƙane, daga baya ya mayar da "babu" ɗinsa a kai. Ya yi daidai da abin da aka gaya masa. Ƙaryar kuwa daga bakina ta fito.

Gafir ya ciyar da mu kisra, wainar dawa mai faɗi, da miyar busasshiyar kuɓewa, ya cika mini aljihu da gyaɗa. Sau uku na buɗe baki in gaya masa gaskiya, sau uku na ɓige da zancen zafin rana.

La'asar sakaliya muka dawo Madani. Washegari bashmuhandis ya gyara umarnin: tafinta ya ci gaba da gajarta hanya a gurbin shuka, amma gurbin ruwa ya riƙa komawa yana dubawa. Aiki ya ƙara tsawo kaɗan. Ni kuma na janye rahotona, na rubuta dalili da hannuna, kowa ya karanta. Na gane inji ba ya sanin ƙauye sai abin da ɗan ƙauye ya yarda ya gaya masa.

Ana iya aika takardar soke korar gafir ta hannun direba. Na karɓa na ce ni zan kai. Ranar Juma'a na sake hawa lorin ni kaɗai, na same shi a bakin tur'a yana cire ciyawa daga ƙofar ruwa. Na tuɓe takalmi na durƙusa cikin laka.

"Baba, makullinka na nan a hannunka. Takardar farko ni na rubuta ta. Na san ana raba hawasha, gidanmu ma haka ne, kunyar faɗa na ji. Ka yafe mini."