Ranar da Kailani Ya Matsa Gefe

Malam Kailani mai kemis, maƙwabcina a Tudun Wada, in dai taurin kai ne, ganda ma ta fi shi laushi. Shekara ashirin yana sayar da magani, amma akwai ƙwaya ɗaya da ko 'yar wace ce ke ba zai ba ki ba: sha-ka-fashe, wadda 'yan mata ke haɗiya don su yi ƙiba. Ya ga yadda take kumbura fuska, ta tayar da ciwon suga. Ɗaliban jami'a na unguwar Kongo sun san shi. Ki tambaya, ki sha wa'azi kyauta, ki fita hannu rabbana.

Bara autarsa Bilkisu ta kwanta da zazzaɓi da ciwon kai. Kwana uku yana ba ta maganin maleriya. A na huɗu ta dube shi ta ce, "Malam, wa kake nema?" Kafin azahar ta fara jijjiga. Ni na tuƙa su asibiti.

Likita Judith ta ce ƙwayar cuta ce ta shiga ƙwaƙwalwar yarinyar, har ta kumbura. Aka sa mata maganin cutar. Da aka kawo allura ta biyu, Kailani ya karanta jikin kwalbar, sai ya tare gadon da jikinsa.

"Likita, wannan ai sha-ka-fashe ne! Ba dai a jikin 'yata ba."

"Shi ne, Baba," in ji ta. "Amma ƙwaƙwalwa a cikin ƙoƙon kai take, in ta kumbura ba ta da wurin zuwa. Wannan zai iya sauke kumburin. Kwana kaɗan ne, kuma da awo. Ban yi maka alkawari ba, amma da tawa ce, da na yi mata."

Tun muna samari ban taɓa ganin Kailani ya janye maganarsa ba. Ya daɗe yana kallon 'yarsa. Sai ya matsa gefe, ya yi bismillah, ya riƙe hannunta da kansa.

Kwana biyar ba ta san inda kanta yake ba. Ranar ta shida da hantsi, ina tsaye a wurin, ta buɗe ido. Wallahi har yau ina jinjina ikon Allah. Ta ƙura masa ido, can ta ce a hankali, "Baba, hularka a karkace take."

Ya kai hannu zai gyara, ya kasa. Ya zauna a ƙasa daɓas yana kuka.