Malam Ilu Ya Bar wa Nasiru Ranar Iri

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam Ilu na Sara ya rasu. Da safiyar nan labarin ya iske ni, ina tsaye a ƙofar aji da alli a hannuna.

Kuma a bakin Nasiru na ji. Duk yawan mutanen da ke duniyar nan, a ce Nasiru ne zai bugo min waya ya gaya min Malamina ya cika.

Ku yi haƙuri, na san ba haka ake fara ta'aziyya ba. Amma tun ɗazu nake ganin hotuna a shafin nan. Nasiru da Malam a mota, Nasiru da Malam a ƙofar wani ofis a Dutse, Nasiru ya rusuna Malam ya dafa kansa. Ni kuwa na bincike wayata kaf, ban sami ko ɗaya da nake ciki ba. In dai ina wurin, ni ne mai ɗauka. "Sabo, zo ka ɗauke mu."

Ga waɗanda ba su san shi ba, Malam Ilu tsohon malamin gona ne. Ya daɗe yana aiki a Birnin Kudu, da ya yi ritaya ya koma garinsu Sara, can ƙasar Gwaram. Shi ya farfaɗo mana da musayar iri bayan an manta da ita. Kafin damina manoma su taru a gindin tsamiyar bakin kasuwa, kowa da irin da ya adana tun kaka. Mai gero mai saurin nuna ya ba mai waken da ƙwari ba sa damu, mai gyaɗa ya ba mai riɗi, kwano da kwano. Ba saye ba sayarwa.

Ranar kuma ba ta da kwanan wata. Shamuwa ce ke sa ta. Duk shekarar da tsuntsuwar nan ta dawo ta sauka a kan tsamiyar, an san ruwa ya kusa, to Juma'ar da ta biyo baya, da an sauko daga masallaci, ita ce ranar iri.

Ni ke kai labari ƙauyuka a babur. Ni ke ɗauko wa tsofaffin ƙauyen Kwandiko buhunansu, ni ke share gindin tsamiya in shimfiɗa tabarmi. Tun ina sabon malamin firamare nake wannan, tun Malam yana iya ɗaga buhu da kansa.

Akwai shekarar da ƙwari suka cinye mana irin gero a rumbu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai kunya, ya ƙi zuwa gindin tsamiya don ba shi da abin da zai bayar. Washegari sai ga Malam a ƙofar gidanmu da ƙullin iri a bayan keke.

Ya ce, "Alhaji, alfarma na zo nema. Gwaji nake so a yi min a gonarka, in ga ko zai karɓi jigawa."

Babana ya karɓa yana jin shi ya yi wa Malam taimako. Har ya rasu haka ya ɗauka.

Idan na dawo daga yawon ƙauyuka, ko Malam na cikin mutane sai ya leƙa cikin gida ya ce wa matarsa, "Inna, a dama wa ɗana fura, ya sha rana." Ɗana yake cewa. A lokacin ni kaɗai ake ce wa haka.

Sai Nasiru ya zo.

Ma'aikacin sakatariya ne a Birnin Kudu. Yaro ne mai tsafta, ga ƙamshi, ga kwamfuta a jaka, ga ladabi har ya so ya yi yawa. Wani ne ya gayyato shi kallo. Ya zaga ya ga kwanuka, ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ai wannan abu ne da ya kamata gwamnati ta san da shi. Ana ranar malamai, ana ranar ma'aikata, ana ranar yara. Me zai hana a yi ranar iri, a duk ƙasar nan ma?"

Na ga idon Malam ya kawo haske. Ni ban taɓa faɗa masa maganar da ta sa idonsa ya yi haka ba.

Daga nan fa komai sai "Nasiru ya ce."

Nasiru ya ce sai an fara daga jiha kafin a yi maganar Abuja. Nasiru ya ce sai an sami ɗan majalisar da zai ɗauki zancen ya shiga da shi zaure. Nasiru ya ce akwai kwamitin da zai zauna ya duba ko abin na jama'a da yawa ne ko na gari ɗaya, ko kuma da ma akwai wata rana mai kama da ita. Nasiru ya ce kada a kuskura a ambaci hutu, don da sun ji za a rufe ofisoshi sai su ja baya, a ce dai amincewa kawai ake nema.

Abin haushin, duk abin da ya faɗa haka yake. Na so in kama shi da kuskure ko ɗaya, ban samu ba.

Har furar Inna ta zama kwano biyu.

Da aka kira su gaban kwamiti a Dutse, na kai farar shaddata wajen mai guga. Na isa Sara da wuri. Mota ta zo, Malam ya shiga gaba, wakilin dagaci da manoma suka cika baya, Nasiru ya matsa a tsakiyarsu da jakarsa a cinya. Malam ya leƙo ta taga ya ce, "Sabo, ka ga motar ta cika. Ka tsare mana gida." Hoton nan da kuke ta yaɗawa na bakin mota, ni na ɗauka, da shaddata a goge.

Wakilin dagaci ne ya ba ni labarin abin da ya faru. An karɓe su da mutunci, an saurari Malam har ya gama. Sai shugaban kwamitin ya ɗauki biro ya ce, "To Baba, wace rana ce a shekara?"

Malam ya ce, "Sai shamuwa ta sauka, ranka ya daɗe."

Aka yi dariya, ba ta raini ba. Shugaban ya ce, "Baba, gwamnati ba ta iya sa hannu a kan tsuntsu. Rana ɗaya muke so tsayayya, wadda za a buga a kalanda, makarantu su sani, ofisoshi su shirya. Kuma idan ta ƙasa kuke nema, ruwan Kudu yana riga naku sauka da watanni. Shamuwar wa za mu bi?"

Haka Malam ya dawo gida, ba a amince ba.

Ni kuwa, Allah ya gani, daɗi na ji. Na ce a raina ai ga shi nan, ranar ta dawo hannunmu, Nasiru ya koma ofishinsa. Na je na sami Malam na ce, "Malam, bar su da kalandarsu. Mu ai muna da tsamiyarmu." Ya dube ni ya yi murmushi. Na ɗauka ya yarda da ni.

Makon jiya na je duba shi a asibiti a Birnin Kudu. Na tafi da sa rai, ba zan ɓoye ba. Na san jikin ya yi nisa, na kuma san zai yi maganar wanda zai riƙe ranar iri a bayansa. A hanya har ina tsara yadda zan ce masa nauyin ya fi ƙarfina kafin in karɓa.

Na tarar da Nasiru a bakin gado yana yi masa fifita. Da ya fita karɓo magani, Malam ya kama hannuna.

Ya ce, "Sabo, na ce wa Nasiru ya zaɓi rana ya kai musu. Ranar iri tana hannunsa."

Na ce, "Malam, shamuwar fa?"

Ya ce, "Bara wa ya ga saukarta?"

Ba ni na gani ba. Ina makaranta a lokacin.

Ya ce, "Ni na gani na aika aka kira ka. Idan babu ni, wa zai zauna yana kallon tsamiya? Ku kuna wajen aiki, yara suna kallon waya. Abin da aka buga a kalanda, ko babu Ilu za a yi shi."

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Ni fa, Malam?" ba. Da furfurata, kamar yaron da aka raba alewa aka tsallake.

Ya ce, "Kai ka taimake shi."

Shi ke nan abin da na samu. Na yi masa sallama na hau babur, har na isa Gwaram ban san yadda na bi hanyar ba. Ban koma asibitin ba, ina cewa sai zuciyata ta huce. Ashe ganin ƙarshe ke nan.

Yau da na isa Sara an riga an kawo shi gida. Mutane cike da ƙofar gida, ga likkafani an ɗinka, amma ba a fara komai ba. Babban ɗansa Auwalu ya tare ni a zaure ya riƙe hannuna.

Ya ce, "Malam Sabo, kai muke jira. Baba ya bar wasiyya, kada kowa ya yi masa wanka sai kai."



Na shiga, na naɗe hannun riga. Ni na wanke Malam, ni na yi masa alwalarsa ta ƙarshe, ni na gyara masa gemu. Ya rame har na iya juya shi ni kaɗai. Nasiru ne ke zuba min ruwa, yana kuka.

Kuma jama'a, ko a wannan ɗakin, da gawar Malam a gabana, sai da zuciyata ta ce da ma wani ne ke riƙe da butar nan.

Maganar ranar tana Dutse har yanzu. Ba mu san ko za su amince ba, balle a yi zancen Abuja. Malam ya tafi bai ji amsa ba. Da muka fito daga maƙabarta Nasiru ya biyo ni ya ce, "Yaya Sabo, yaushe za mu zauna?" Na ce masa bayan sadakar uku.

Allah ya jiƙan Malam Ilu, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa. Duk ƙwayar da ta tsira ta dalilinsa, Allah ya sa masa ita a mizani. Allah ya ba Inna da su Auwalu haƙurin rashinsa.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a. In kun gama ku haɗa da ni, Allah ya yaye min abin nan da ke ƙirjina, don Malam ya ce in taimaki Nasiru, kuma zan je.