Rediyon Inna

Shekarar da idanun Inna suka fara dushewa, Yaya ya sayo mata rediyo mai lasifika biyu, irin wanda ake jonawa a bango. Yaya shi ne babbanmu, fataucin shanu yake yi, kuma a gidansa na Gawon Nama Inna take zaune. Ni ina aure a Ƙofar Kware, nakan leƙo ta duk bayan kwana biyu.

Ƙa'idar Yaya ita ce kayan wuta ba ya wuni a kunne. Da safe in ya shiga gaishe ta, sai ya kashe rediyon, ya zare waya daga soket. Inna kuwa ba ta ganin makunnin, balle ramin soket ɗin, kuma ba mace ce mai kiran suruka don ƙaramin abu ba.

Wata Laraba na same ta zaune shiru, ta juya fuska wajen rediyon.

"Inna, babu wuta ne?"

"Akwai. Yayanki ya ce hutawa shi kai."

Da yamma na tari Yaya. Na ce a bar mata abinta a kunne. In an ɗauke wuta ya yi shiru, in an maido ya ci gaba da kansa. Ya ce a zafin Sakkwato ko wata guda ba zai yi ba zai ƙone. Muka yi ta yi har ya ce ban san kan kayan wuta ba. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa washegari na hau kabu-kabu zuwa wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Ƙofar Atiku.

Dattijon ya ce ba zaman kunne ke kashe irin wannan ba, zafi ne da wutar da ke dawowa da ƙarfi. Ya tambaye ni ko muna rufe shi da ƙyalle. Na ce har da mai ado. Ya yi dariya, ya ce in yaye, in janye shi daga jikin bango ya sha iska, in sa masa sitabilaiza, wani ƙaramin akwati mai daidaita ƙarfin wuta.

Duk na yi. Yaya ya dawo ya ga ƙaramin akwatin yana ƙyafta jar fitila, ya ce ya ba ni wata ɗaya. Kullum sai ya ɗora tafin hannu a bayan rediyon, ya ji ɗumi kaɗan, ya fita. Inna kuwa ta dawo da hira. In na zo sai ta ba ni labarin inda aka yi ruwa da abin da malami ya fassara da safe.

Ana cikin mako na uku, da hantsi, ina tsefe mata kai, aka fara sanarwar rasuwa. Ta ɗaga hannu in dakata. Sunan da aka faɗa na tsohon maigidan Yaya ne, wanda ya koya masa sayen shanu tun yana saurayi. Jana'iza bayan azahar.

"Kira shi yanzu," in ji Inna. "Kak ki tsaya."

Na kira Yaya yana kara, kasuwar shanu, cikin hayaniyar dabbobi, ashe labarin bai kai masa ba. Ya bar cinikin ya nufi gidan mamacin, ya samu ana shirin fitowa da gawa, har ya kama makara.

Da la'asar ya shigo da ƙura a ƙafa, ya zauna bakin tabarmar Inna. Muka yi masa gaisuwa. Rediyon yana ta magana ƙasa-ƙasa. Matarsa ta kawo ruwa, ta miƙa hannu za ta kashe don a ji juna.

"Bar shi," in ji Yaya. "Rage dai kaɗan."

Ya dube ni, ya ce, "Wanga akwatin naki, ina anka sai da shi? Ina son guda a ɗakina."

Na ce zan kai shi da kaina. Inna ta sa dariya har tana riƙe gwiwata.

Shekara huɗu rediyon ya yi a kunne a ɗakin nan, ba a taɓa kai shi gyara ba.