Safar Hannun da Kawu Ipili Ya Ajiye

A garinmu, in famfon gidanka ya yi tari ya ƙafe ranar Talata ko Juma'a, ba sai ka tambayi dalili ba. Ka san jirgi zai sauka, kuma ka san Kawu Ipili ya kai tankar ruwa bakin wayar filin jirgi ya kashe ta, ya harɗe hannuwa a kan sitiyari. Shekara talatin da ɗoriya yana raba wa gidaje ruwa ba a taɓa kama shi da wasa da aiki ba, sai a shekaru huɗun ƙarshe. Mata su yi ta buga waya gidan rediyon gari: "Don Allah wanda ya ga Ipili ya ce masa wanki ya taru!" Yana jin su sarai, don rediyon motar a kunne take, amma ko gezau.

Wan mahaifiyata ne, ni kuma sunana Litiya, kuma ina da hannu dumu-dumu a wannan jiran nasa.

Yana ɗan shekara takwas jirgin ruwan likitoci ya zo, wanda yakan zo sau ɗaya a shekara in ƙanƙarar teku ta narke. Aka kwashi kowa a kwalekwale aka hau da su ɗaukar hoton ƙirji. Wanda aka ga tarin fuka a huhunsa ba ya saukowa. Ipili ya sauko, wansa Uyarak, ɗan shekara goma sha huɗu, bai sauko ba. Da kwalekwalen zai juya, Uyarak ya leƙo ta sama ya jefo masa safar hannunsa ta fata, wadda uwarsu ta ɗinka.

"Riƙe min! An ce can kudu zafi ake yi. In na dawo ka ba ni."

Bayan shekara uku limamin coci ya kawo labarin rasuwarsa. Babu gawa, babu wanda ya san inda kabarin yake. Kawu ya naɗe safar a tsumma ya jefa ƙasan akwati, kuma ni dai ban taɓa jin ya ce wansa ya mutu ba. Cewa yake ya daɗe.

A shekarar da yankinmu na Nunavut, can ƙurewar arewa mai ƙanƙara, ya sami gwamnatin kansa, 'yarsa Mialisa ta haifi mace. Kawu ya ce a sa mata Uyarak. Mu dai wanda aka ba sunanka, kai ne ka dawo, namiji ko mace duk ɗaya ne. Don haka tun tana zanin goyo yake kiranta Yaya, yana mata magana kamar yadda zai yi wa wansa. Uwarta na kiranta Baffa, ni ina ce mata Kawu Babba. Sai ka ji Mialisa daga ɗaki tana cewa, "Baffa, bar cin sabulu!" Baƙin malaman makaranta su yi ta kallonmu kamar waɗanda suka sha wani abu.

Yarinyar kuwa ta karɓi girman da hannu biyu. Tana 'yar shekara biyar za ta tare shi a ƙofa, hannu a ƙugu.

"Ƙanena, ina ka tsaya har yanzu?"

"Yi haƙuri, Yaya, tiyo ne ya daskare."

"Kullum tiyo! Cire takalmi ka zo ka ci abinci."

Ya cire ya zauna yana murmushi kamar wanda aka yi wa kyauta. In ya kamo kifi, kai da ciki nata ne. In ya harbo tuktu, barewarmu ta tudu, ba mai taɓa ɓargon sai Yaya ya ci. Mutumin nan ba ya magana mai tsawo. In ya yarda ya ɗaga gira, in bai yarda ba ya yamutsa hanci, kamar kowa a nan, sai dai shi yakan wuni a haka ba ka ji muryarsa ba. Amma in yana tare da ita bakinsa ba ya rufuwa. Ya koya mata sunan kowane tsibiri da kowace mashigar ruwa, yana cewa, "Ai ka sani, Yaya, tuna maka kawai nake."

Safar dai bai ba ta ba. Na taɓa tambayarsa, ya ce hannun Yaya bai kai ba tukuna.

Ni aikina a ofishin tallafin karatu da samar da aiki yake. Ina cika wa yaranmu takardu, in nema musu gurbi da wurin kwana da tikiti, in kuma yi musu faɗa in sun yi sanyi. Ina alfahari da aikin nan, ba na ɓoyewa. Mun karɓi mulkin kanmu, amma in ka je asibitin gari wata baƙuwa za ka tarar, ta yi wata shida ta tafi, tsohuwa kuma ta kwance ciwonta na ɓoye gaban jikanta don ya yi mata tafinta. Wannan abin yana ƙona min rai. Da Uyarak ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta ce aikin jinya take so, ni na zaunar da ita na cika mata komai da hannuna. Gurbin da ya fito a kudu ne, shekara huɗu.

Washegari Kawu ya faka tanka a ƙofar ofis ya shigo da ƙanƙara a takalmi, bai ko kakkaɓe ba.

"Litiya, ke kika rubuta?"

"Ni ce, Kawu. Karatu za ta je, ba asibiti ba."

"Wancan karon ma cewa suka yi magani za a ba shi."

"Haba Kawu, wancan karon ɗauke shi aka yi ba shawara. Yanzu mu ne da kanmu muke turawa, kuma mu za ta dawo ta yi wa aiki."

"Kin rubuta dawowar a takardar?"

Babu gurbin wannan a takardar. Ya daɗe yana kallona, ya yamutsa hanci, ya fita. Ranar tafiyarta bai shiga ɗakin jira ba. Yana can bakin waya cikin tanka har jirgin ya ɓace, sannan ya je ya ba mutane ruwa.

Daga nan aka fara rigimar famfo. Tana zuwa hutu sau biyu a shekara, ya san ranakun sarai, amma bai yarda da kalanda ba. Kowane jirgi sai ya je. In ta zo kuma, murna kamar ya yi tsalle, ya fito da kifin da ya ɓoye a firijin gari, ya zauna yana kallonta tana yanka da wuƙa tana ci ɗanye. Na ce masa, "To Kawu, ga Yaya ya dawo, sai a fito da safa." Ya nuna akwatinta guda ɗaya da baki.

"Wannan zuwa ne. Tikitin komawa na aljihunsa."

Gaskiyarsa ce, kuma ni ma na fara tsorata. A hutu na uku harshenta ya ɗan yi nauyi, sai ta tsaya neman kalma. A na biyar ta zo da hoton wani saurayi mai gemu. A shekarar ƙarshe ta kira ni a ofis ta ce babban asibitin da take koyon aiki sun ce ta zauna. Ta ce, "Me kika gani?" Aikina ya ce in gaya mata ta zaɓi abin da ya fi mata, haka kuwa na faɗa, da murya mai daɗi. Da na ajiye wayar na rufe ƙofa na zagi kaina tas. Ban gaya wa Kawu ba, amma duk ranar jirgi in ya biyo ta gaban tagata ya rage gudu ya dube ni, sai in sunkuyar da kai kan takardu.

A lokacin sanyin nan ne numfashinsa ya fara gaza. Aka karɓe makullin tanka, sai ya koma takawa da sanda zuwa bakin wayar. Ma'aikaciyar jinya ta ce a ɗauke shi a jirgi zuwa kudu. Muka taru a kansa. Mialisa ta ce, "Baba, garin da Baffa yake fa za a kai ka, kullum za ku ga juna." Ya yamutsa hanci.

"In na tafi, Yaya ya dawo, wa zai tarar?"

Na yi fushi, na ce masa taurin kai ne kawai irin na tsofaffi. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sai ya yafito 'yata Siluk, wadda cikinta ya tsufa a lokacin.

"Ke, abin da ke cikin nan, in ya fito sa masa Ipili. Kin ji? Ke kuma Litiya, mai rubutu, ranar jirgi ki riƙa kai ni bakin waya. Safar tana ƙasan akwati."

Ya rasu a watan Afrilu. Hazo ya rufe filin jirgi kwana tara, Uyarak ta maƙale a Iqaluit, babban birnin yankinmu, tana kuka a waya, har aka binne shi, ta juya ta koma ga jarrabawarta. Siluk ta haihu a asibitin Iqaluit a Mayu, namiji, aka sa masa Ipili, aka dawo mana da shi a Yuni.

Tun daga nan, Talata da Juma'a, sai in rufe ofis in saɓa jaririn a amauti, rigarmu ta goyo, in cusa ƙunshin safar a gefensa, in tafi bakin waya. Uyarak ba ta ƙara kirana ba, ni kuma na kasa tambayarta. Wanda take dawowa dominsa ya tafi, me zai hana ta zama? Sabon direban tanka in ya wuce sai ya danna min oda: "Inna Litiya, ke ma kin kamu?" Na kamu kuwa. A nan na san abin da mutumin nan ya sha. Jirgi ya sauka, ka ƙirga masu saukowa ɗaya bayan ɗaya, a rufe ƙofa, ka juya gida. Ni makonni shida na yi har na rame, shi ya yi shekara sittin da uku. Na yi kewarsa ƙwarai a wurin nan, har nakan juya in yi wa jaririn mita kamar zai amsa.

Wata Juma'a a ƙarshen Yuli ta sauko, ta huɗu a layi. Ba ta shiga ɗakin jira ba, ta miƙo kai tsaye inda tankar kan tsaya. Ta zagayo bayana ta ɗaga hular rigar ta leƙa.

"Ƙanena," ta ce. "Ka yi haƙuri, na daɗe."

Jaririn ya ƙura mata ido, ya kwaɓe fuska ya tsala ihu.

"Fushi yake," na ce. "Ai da gaskiyarsa."

Muka yi dariya muna share hawaye. Can bayanta ana ta sauke kaya, ina ganin kwalaye da sunanta, ɗaya, biyu, har biyar, amma ban yarda da idona ba. Na daure na yi tambayar da ta hana ni sukuni.

"Kawu Babba, yaushe za ka koma?"

Ta yamutsa hanci.

Na sa hannu gefen jaririn na zaro ƙunshin na kwance. Fatar ta bushe, gashin duk ya zube, ɗinkin kakarmu dai yana nan daram. Na ce, "Ƙanenka ya ce a ba ka in ka dawo." Ranar ana zafi, yara na ta yawo ba riga mai nauyi, amma ta zura hannuwanta a ciki, suka zauna mata cif. A haka ta karɓi Ipili daga bayana ta rungume shi, muka kama hanyar gida.