Malam Abarshi Mai Lamba da Mutanen Unguwar Jaji

Haihuwa da karatu

An haifi Malam Abarshi a Birnin Gwari cikin shekarar 1908. Mahaifinsa Usman wanzami ne, mahaifiyarsa Ma'u kuwa ungozoma. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya yi elemantare, daga nan aka aika da shi Zariya ya koyi aikin lamba, wato tsagar da ake yi a dantse a sa magani don rigakafin agana.

Aiki

A shekarar 1934 ya komo gida a matsayin malamin lamba, ya shiga ƙauyukan daji bisa keke, kuma a nan ya gane karatu daban, jama'a daban. Da zarar ya juya baya sai iyaye mata su goge tsagar da lemun tsami da toka, maganin ya mutu, in agana ta zo kuma a ce lambar Bature ƙarya ce. Ina dalili! Ya yi wa'azi, ya yi faɗa, har da rantsuwa, aka yi kunnen uwar shegu da shi.

Da abin ya ishe shi, a 1939 ya tuna shi ɗan wanzami ne, kuma ba macen da ke goge tsagar wanzamin gidansu. Ya bi wanzamai ɗaya bayan ɗaya ya koya musu aikin, aka kafa rumfa a ƙofar kowane sarkin aska: wanzami ya tsaga, ungozoma ta riƙe yaro sai magani ya bushe. Mutanen garin Randagi suka karɓa. Ardo Bakoji, shugaban makiyayan dajin, da kansa ya kawo yaran rugage.

Iyali

Ya auri Ruƙayyatu 'yar Modibbo Yero a 1936, suka zauna a unguwar Magajin Gari.

Unguwar Jaji

Ƙauye guda ne a ƙasar Tabanni ya gagare shi, Unguwar Jaji. Mai unguwa Jaji ya kafe a kan cewa agana baƙuwa ce daga Allah, ba a tare ta da ƙarfe. Mutanensa su ɓoye yara a rumbu, su ce sun tafi daji. Rumfar da Malam Abarshi ya kafa musu da kansa, suka ɗaure awaki a ciki. Kowace shekara sai ya je, a shimfiɗa masa tabarma, a dama masa fura, a raka shi bakin rafi da fatan alheri, bai ga dantsen ko yaro ɗaya ba. Ya sha faɗa wa iyalinsa cewa yaran nan su ne ke hana shi barci, wallahi da ana satar yaro a yi masa lamba da ya sata.

Rasuwa

A rani na 1957 agana ta faɗa wa Unguwar Jaji, Malam Abarshi yana kwance a gida da ciwon ƙirji. Ya rasu ranar Juma'a. Ana cikin yi masa sutura sai ga Jaji da mutanensa a ƙofar gida, da yara a goye, wai malamin lamba suke nema. Sai yanzu, jama'a! Da su aka sallace shi, aka kai shi makwancinsa, Allah Ya jiƙansa.

Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Huraira, Ja'afaru, Auta, da babbansu Nababa, wanda ya gaji aikin, kuma daga maƙabarta ya wuce rumfa yana hawaye ya yi wa yaran lamba. A cikinsu akwai jikokin Jaji guda biyu. Su ke nan agana ta rage wa Jaji.